Modem Bai Mutu Ba, Rigar Aro Ya Sa

 Akwai wata 'yar gajeriyar magana da na lura tana cin kuɗin mutane a garin nan fiye da yadda ake zato, watau a dubi abu a ce "ya mutu". Fanka ta ƙi juyawa, a ce ta mutu. Caja ta ƙi ɗauka, a ce ta mutu. Da zarar an faɗi haka kuwa, to, shari'a ta ƙare, sai a miƙa abin ga 'yan jari-bola a shiga neman kuɗin sabo. Alhali sau da yawa lafiyarsa lau, ba a dai tambaye shi abin da ke damunsa ba ne. Ina so in kafa hujja a kan wannan da wani ɗan abu wanda bai fi tsawon yatsa ba, shi ne modem, da yadda akan yi fama kafin kwamfutar tafi-da-gidanka mai aiki da Linux ta gane shi.

Bari in fara da dalilin da ya sa maganar ta shafe mu. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, sakamakon WAEC da NECO ta intanet ake duba shi, haka nan karɓar gurbin karatu a jami'a. Saboda haka ɗalibin da hannunsa bai saba da madannai ba ya shiga ɗakin jarrabawa da nauyi biyu. Yawancin iyayenmu kuwa ba su da halin sayen sabuwar kwamfuta, sai ta gwanjo, irin waɗanda ake kasawa a shagunan Beirut Road da na France Road cikin Sabon Gari. Kwamfutocin nan masu ƙwari ne, sai dai sun kwana biyu. Windows 11 da ta fito a 2021 ba ta karɓar da yawa daga cikinsu, ita kuma Windows 10 kamfaninta ya daina ba ta tallafin yau da kullum tun ran 14 ga Oktoba, 2025. Wannan yana cikin abin da ya sa wasu ke komawa ga Linux.

Mene ne Linux? Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, wadda ke tafiyar da ita kamar yadda uwargida ke tafiyar da gida. Linux ɗaya ce daga cikinsu. Wani ɗalibi ne mai shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya fara rubuta ƙashin bayanta a 1991, aka haɗa shi da aikin GNU wanda Richard Stallman ya soma a Amurka tun 1983. Abin da ya bambanta ta shi ne a buɗe take: kowa yana da iznin ya karanta yadda aka gina ta, ya gyara, ya ba wani, muddin bai hana na gaba irin wannan izni ba. Tana da zubi iri-iri, kamar Ubuntu wadda Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fitar a 2004, da Debian, da Linux Mint. Kada wani ya raina ta don kyauta ce. Wayar Android da ke aljihun Baba a kan Linux aka gina ta.

Shi kuwa modem ɗan ƙaramin akwati ne mai kama da filash, ana sa masa layin waya a ciki, a soka shi a kafar USB, shi ke nan ya jawo wa kwamfuta intanet daga turakun sadarwa. Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya cikin Agustan 2001, a 2007 kuma aka ba da lasisin 3G, daga nan modem ya yi kasuwa, kowane kamfanin sadarwa na sayar da nasa da tambarinsa a jiki, ko da yake yawancinsu kamfanonin Huawei da ZTE na ƙasar Sin ne suka ƙera. Yau an fi jawo intanet daga waya, ko daga ɗan akwatin nan mai batir da ake sawa a aljihu. Amma har yanzu modem yana da ranarsa, domin ba ya bukatar caji, kuma a gidan da wayar kirki ɗaya ce, wadda maigida ke fita kasuwa da ita tun safe, shi ne ke zama tare da yara.

Gidanmu a Fagge irin wannan gida ne. Da yayana zai tafi bautar ƙasa sai ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa mai ɗauke da wani daɗaɗɗen zubi na Linux, da takardun karatunsa na shekara huɗu a ciki. Kawuna mai shagon atamfa a Kantin Kwari kuma ya ba ni modem ɗin da ya daina amfani da shi, ya ce, "Ungo, ɗana, ka yi ta gwajin jarrabawa da shi." Saura 'yan makonni a zauna JAMB a lokacin. Muka soka modem, 'yar fitilarsa ta yi ta ƙiftawa, amma kwamfuta ta yi kamar ba ta san an yi baƙo ba. Baba ya ɗauke su duka biyu ya kai wa wani mai gyara, ya dawo da magana biyu: ko dai modem ya mutu a sayi sabo, ko kuwa a share duk abin da ke cikin kwamfutar a ɗora mata Windows. Ga shi Baba bai daɗe da biyan kuɗin makarantarmu mu huɗu ba, kasuwa kuma ta yi sanyi. Sharewa kuma na nufin takardun Yaya su bi ruwa. Baba ya yi shiru, can ya ce, "A bari sai ƙarshen wata." Wanda ya san gidan ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan magana.

Washegari na ɗauki kayan na kai wa malaminmu na kwamfuta bayan an tashi. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Kai ba ɗan Fagge ba ne? Ai unguwarku zango ce tun asali, nan Azbinawa ke sauke raƙumansu a bayan ganuwa. In baƙo ya zo zango, abu huɗu ake dubawa. Ya iso ƙofa? An gane ko wane ne? Yana da tafinta? Yana da iznin wucewa, ya kuma san hanya? To, modem ma baƙo ne. Tambayoyin nan huɗu za mu yi masa ɗaya bayan ɗaya, ba za mu tsallake ko guda ba." Ga yadda muka bi su, na rubuta don amfanin wanda zai gamu da irin wannan.

Tambaya ta farko, ya iso ƙofa? A Linux akwai wani baƙin allo da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye. Malam ya ce in zare modem in rubuta lsusb, sai ga jerin duk abin da ke haɗe da kafofin USB. Ya ce in mayar da shi in sake rubutawa. Sai ga sabon layi guda ya ƙaru a jerin. Malam ya yi murmushi ya ce, "Ka taɓa ganin matacce ya faɗi sunansa?" Kowane abu mai shiga kafar USB yana da lamba biyu, ta farko ta kamfanin da ya ƙera shi, ta biyu ta irin abin, kamar dai yadda Kawu ke gane atamfa ta rubutun bakin zane ba ta ledar da aka naɗe ta ba. Lambar Huawei, alal misali, ita ce 12d1, ta ZTE kuma 19d2. Da a ce sabon layi bai fito ba, to, sai a tuhumi ƙofar tukuna. Kafar tsohuwar kwamfuta takan yi sako-sako, ƙurar hunturu takan cika ta, kuma kafar USB 2.0 miliamfa 500 kawai aka tsara ta bayar, modem kuwa maci wuta ne in yana neman sabis. Sai a sauya kafa, a cire duk wata doguwar igiya da aka jona, a gwada a wata kwamfutar. Sai bayan duk wannan ya faskara ne ake fara zancen mutuwa.

Tambaya ta biyu, an gane ko wane ne? A nan ne sirrin yake. Masu ƙera modem sun yi wata dabara don su hutar da mai saye ɗaukar faifai daban: sun sa 'yar ma'ajiya a cikinsa mai ɗauke da manhajar girka shi a Windows. Saboda haka in aka soka shi, da farko ba ya cewa shi modem ne, sai ya ce shi faifan CD ne. A Windows manhajar nan takan girka kanta, ta aika masa da saƙo, ya tuɓe rigar faifai ya koma modem. A Linux kuwa wannan manhaja ba ta tashi, don ba da harshenta aka rubuta ta ba, sai baƙo ya yi ta zama a zaure da rigar aro, masu gida na yi masa kallon faifai. Yawancin na ZTE sukan nuna 19d2:2000 in suna cikin wannan riga, na Huawei kuma da yawa sukan nuna 12d1:1446 ko 12d1:1f01.

Wani Bajamushe mai suna Josua Dietze ya rubuta maganin wannan tun 2007, wata 'yar manhaja da ake kira usb_modeswitch. Aikinta ɗaya ne, ta aika wa modem saƙon nan na tuɓe riga. Tana tafe da kundi mai ɗauke da lambobin ɗaruruwan modem da saƙon da kowanne yake ji, kuma masu amfani da ita daga ƙasashe dabam-dabam ne suka yi ta aika lambobin nasu har kundin ya cika. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yawancin zubin Linux na yau da ita suke zuwa, shi ya sa mutane da yawa ba su ma san ana wannan fama ba. Mu namu, modem ɗin ya fi kundin da ke cikin kwamfutar ƙuruciya, don haka babu lambarsa a ciki. Malam ya buɗe wurin ajiyar takardu, ya nuna mini hoton faifai a gefe, alhali babu faifai ko ɗaya a kwamfutar. Ya ce in danna alamar fitar da faifai. Na danna. Fitilar modem ta ɗauke, ta dawo da wani launi. Na sake rubuta lsusb, sai na ga lamba ta biyu ta sauya. Wannan dabara ba kowane modem take yi wa aiki ba, amma ba ta cin ko kwabo, don haka ya kamata a fara da ita. Don kada mu riƙa maimaita ta kullum, Malam ya jona wayarsa da igiya ya ara wa kwamfutar intanet, muka sabunta manhajar da kundinta. Tun daga ranar da kansa yake tuɓe rigar.

Tambaya ta uku, yana da tafinta? Masu gyara suna cewa "direba", amma ba na mota ba ne, aikinsa fassara tsakanin kwamfuta da baƙon da aka soka mata. A Linux yawancin waɗannan tafintoci a ciki suke tun asali. Akwai kuma wani mai masauki da ake kira ModemManager, shi ke karɓar modem ya miƙa shi ga mai kula da haɗin intanet. In aka rubuta mmcli -L zai faɗi ko ya ga baƙo ko bai gani ba. Namu ya gani. Amma Malam ya ja kunnena a kan abu guda: akwai modem na zamani, kamar waɗanda Huawei ke kira HiLink, da ba sa fitowa a wannan jeri ko kaɗan, domin sukan nuna kansu kamar igiyar intanet ce aka jona. Irin waɗannan shafinsu ake buɗewa a 192.168.8.1 a saita su. Wanda bai san haka ba zai iya jefar da lafiyayyen modem don kawai bai ga sunansa inda ya zata ba.

Tambaya ta huɗu, yana da izni, ya kuma san hanya? Wannan ta shafi layin da ke ciki, ba ruwan kwamfuta. Wani layin an kulle shi da lambar sirri, in aka kuskure ta sau 3 sai an nemo PUK, in aka kuskure PUK sau 10 layi ya tafi ke nan, don haka ba wurin canki-canka ba ne. Wani modem ɗin kuma an ɗaure shi ga kamfani ɗaya, ba ya karɓar layin wani. Ban da wannan, tun Disamban 2020 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, aka yi ta ɗaga wa'adi har zuwa 14 ga Satumba, 2024, layin da ba a haɗa ba kuwa aka rufe shi. Gwajin duk wannan mai sauƙi ne: a zare layin a sa a waya a ga ko zai kawo sabis. Da muka gwada na Kawu sai muka tarar ya daɗe da rufuwa, shekaru yana kwance a durowa. Sai an sami layi mai rai da data ake zuwa ga maganar hanya, watau APN, sunan mashigar da kowane kamfanin sadarwa ya ware wa masu shiga intanet. Ta MTN, misali, ita ce web.gprs.mtnnigeria.net. Linux tana da jerin waɗannan mashigai, mutum ya zaɓi Nijeriya, ya zaɓi kamfanin layinsa.

Umma ta ba ni layinta na biyu, sai dai ƙarami ne, ramin modem kuma na babban layi ne. Wannan ya kai ni Sabon Gari neman ɗan gidan roba da ake sa ƙaramin layi a ciki. Sabon Gari ma ai unguwar baƙi ce, wadda aka kafa wajen 1913 bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Na sami abin a rumfar wani mai gyara ɗan ƙabilar Ibo, haifaffen unguwar, Hausa a bakinsa kamar Bakano. Da ya ji abin da zan yi da shi sai ya jawo wata leda cike da modem ya ce, "Ƙanena, ka ga waɗannan? Duk masu su cewa suka yi sun mutu." Na ce, "Oga, ka taɓa tambayarsu lambarsu?" Ya yi dariya, ya ba ni kujera. Muka gwada guda biyar a kwamfutata, uku suka faɗi sunansu nan take. Ya ce in rubuta masa tambayoyin nan huɗu a takarda, ya kuma ƙi karɓar kuɗin gidan roban. A nan na fahimci cewa mai gyaran da ya ce wa Baba modem ya mutu ba lalle ne mugunta ya yi ba. Abin da ubangidansa ya koya masa ke nan, Windows kaɗai ya sani, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Daren nan intanet ta shigo gidanmu ta modem ɗin da aka yi wa ta'aziyya. Ba a sayi sabo ba, ba a share takardun Yaya ba, kuɗin da Baba ke jiran ƙarshen wata ya haɗa suka tafi ga buhun shinkafa. Na sami makonnin da suka rage ina gwajin tambayoyin baya, ƙanwata kuma ta gaje ni a kai.

Ba ina cewa Linux ba ta da wahala ba ne. Tana da ita. Yawancin bayananta da Turanci suke, akwai manhajojin da ba sa tashi a kanta, kuma gaskiya ne wani modem ɗin yakan ƙone ƙurmus, babu tambayar da za ta tashe shi. Akwai kuma gargaɗi biyu. Na ɗaya, kada ɗalibi ya kwafo umarnin da ya fara da sudo daga intanet ya rubuta bai san ma'anarsa ba, domin wannan kalma mabuɗin gida gaba ɗaya take miƙawa. Na biyu, in za a sayi kwamfutar gwanjo aka nuna muku ramin sa layi a ƙarƙashin batir aka ce tana da modem a ciki, a gwada tukuna kafin a biya, domin da yawa ramin ne kawai, na'urar da za ta karanta layin babu ita. Amma duk da haka abin da ya burge ni shi ne Linux ba ta ɓoye wa mai tambaya kome. In ka tambaye ta abin da ta gani za ta faɗa maka, in ka nemi dalili akwai wanda ya riga ka shiga wannan rami ya rubuta yadda ya fita.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, maza da mata, mu koyi yi wa kaya tambaya kafin mu yanke musu hukunci, mu bi mataki ɗaya bayan ɗaya, mu sauya abu guda a lokaci guda, mu kuma rubuta abin da muka gani. Ai haka ake koya mana a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, bai kamata mu bar shi a can ba. Ku kuma iyayenmu, in kun ga yaro ya tasa kwamfuta gaba yana rubutu a baƙin allo, kada ku ce zai ɓata ta, ku tambaye shi abin da yake nema, wataƙila kuɗin cefanen mako guda yake ceto muku. Ina kuma roƙon hukumar makaranta ta ware mana yamma ɗaya a mako, kowa ya zo da abin da aka ce ya mutu a gidansu, mu zauna da Malam mu tambaye shi. Matambayi dai ba ya ɓata.